Ragowar da Inna Ke Zubarwa

220 Logements, Adjamé
10 ga Rajab

Gwaggo Salamatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da surukarki Sa'adiyya da yara da duk mutanen Jega. Yaya kunnen? Lukumanu mai atamfa, wanda zai kawo miki wannan, ya ce yanzu sai an matso dab da ke ake yi miki magana. Allah ya sawwaƙe. Mu nan ƙalau muke, ban da gwiwar Baba. Kin san a hawa na huɗu muke, kuma sau biyar yake sauka ya hau don kiran salla. Na ce ya bar wa matasa asuba, ya ce shekara ashirin da shida yana ladanci, kuma ba da gwiwa yake kira ba.

Na cika alkawari, da Hausa na rubuta. In kin ga Faransanci ya kutso, ki yi haƙuri da 'yar Abidjan.

Gwaggo, saura kwana hamsin azumi, na farko da za mu yi babu Inna. Kin san sadakarta: lemun citta, wanda a nan muke kira nyamakuji, na buɗa-bakin masallacin unguwa. Mutum wajen tamanin kullum, shekara ashirin da biyar ba fashi. Ranar Juma'a Alhaji Sa'ad, shugaban kwamitin masallaci, ya tare ni a ƙofa ya ce, "Kamila, bana fa? In ba za ki iya ba ki faɗa da wuri, mu sayi lemun kwalba." Na ce zan iya tun kafin in yi tunani. Ba zan iya ganin kwalaben kanti a tabarmar da ake jera kofunan Inna ba.

Amma ga matsalar. Inna da azahar take farawa: ta kankare citta, ta daka a turmi, ta jiƙa da ɓawon abarba a babbar tukunyarta, ta tace da ƙyalle, ta matsa lemun tsami, ta sa sukari, sai ƙanƙara daga unguwar Bracodi. Ni kuwa sai ƙarfe biyar nake tashi daga farmasi a Treichville. Kafin gbaka, motar hayarmu ta nan, ta fitar da mu daga cunkoson gada, Baba ya riga ya ɗaga murya.

Hanya biyu ce a gabana. Ta farko, in riƙe kayan Inna, in roƙi patron, wato mai farmasin, ya ba ni hutuna na shekara duka a cikin azumi. Ma'ana zuwana Jega bayan salla ya rushe, ni da shekara shida ban gan ki ba. Firiza kuma ba magana, ba wurin ajiye ta, wayoyin wutar gidan nan ma ba za su ɗauka ba.

Ta biyu, akwai wani Bature mai sayen magani a wurinmu, zai koma ƙasarsu, ya ce in kwashe wasu kaya kyauta. Na je na gani. Tukunyar ƙarfe ce mai sheƙi, da ɗan famfo a gindinta. Ga manyan bokitai biyu masu murfin da ko iska ba ta ratsawa, ga kwalabe ɗari masu kauri da marfin waya. Da su zan iya haɗa lemun kwana biyar a rana ɗaya, in rufe, in riƙa aikawa. Vraiment, Gwaggo, kamar don ni aka ƙera su.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba: giya yake dafawa da su a gidansa. Shi ne tambayata. In na wanke su tas, sun halatta? Ban tambayi limaminmu ba, don maganar da aka yi a masallacin nan kafin la'asar ta isa har unguwar Liberté. Baba kuma tun rasuwar Inna ba na son ɗora masa komai.

Wani abu kuma, da kayan Bature ba za a yi asara ba. Kin tuna Inna, duk lemun da ya rage bayan magariba, ko kofi ɗaya ne, sai ta juye a kwata. Tun ina ƙarama abin yake ba ni haushi, ga yara a ƙasa suna roƙo ta ba su na gobe.

Ina jiran amsarki ta hannun Lukumanu.

'Yarki,
Kamila

*

Jega
24 ga Rajab

'Yata Kamila,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na ji daɗi. Hausarki tana nan da ranta, ko da yake tana ɗingishi. Mu duk lafiya. Kunne kuwa ya tafi, sai dai na dama yana ɗan leƙowa. Shekara talatin ina yi wa 'yan makaranta tsawa, yanzu ni ake yi wa. Ki gaida babanki, Yaya Abdulbaƙi, ki ce masa ƙanwarsa ta ce ya riƙa ɗaura wa gwiwar ƙyalle mai ɗumi, taurin kai ba magani ba ne.

Na yi kuka da na zo kan zancen sadakar uwarki Delu. Allah ya jiƙanta, ya yi miki albarka da kika ce za ki ɗauka.

Tambayarki na kai wa malamin unguwarmu, ban faɗi sunan kowa ba. Ya ce ƙarfe da kwalba in an wanke su da kyau har wari ya fita, sun tsarkaka, ba laifi a yi amfani da su. Roba ce ya yi shakka a kai, ya ce tana riƙe wari. Wannan amsar malam ce, na isar miki da ita yadda ya faɗa.

Tawa amsar daban ce. Ni dai ban so kayan nan su hau benenku ba. In kuma kin nace, kada ki shigar da su sai kin zaunar da babanki kin faɗa masa ko na mene ne, da bakinki, ba kwana-kwana. In ya yi shiru, to shirun nan a'a ne. Na san shi tun kafin ya yi gemu.

Zancen zuwa Jega kada ya dame ki. Jega tana nan, ni ma in Allah ya so ina nan.

Kika ce zubar da ragowa yana ba ki haushi. Ke dai yarinya ce. Uwarki mace ce da ke tsince ƙwayar shinkafa ɗaya daga ƙasa. Matar da take haka, in kika ga tana zubar da abin sha kullum, ai sai ki tsaya ki yi tunani. Ba zan ƙara a kan wannan ba, don akwai maganar da ba tawa ba ce.

Tambaya ɗaya: kofin lemun da Delu ke miƙa wa Yaya kowace magariba, azumi ko ba azumi, tun da ta rasu wa ke yi masa? Ba ki ce komai a kai ba.

Na ba Lukumanu kuka da daddawa da ɗan man shanu. Ki duba kada ya ce sun zube a hanya.

Gwaggonki,
Salamatu

*

220 Logements, Adjamé
9 ga Sha'aban

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Saƙo ya iso cif, man shanun ma bai zube ba. Baba ya yi dariya da na faɗa masa zancen taurin kai, dariyarsa ta farko da na ji cikin watanni. Gwiwar tana nan yadda take.

Na gode, Gwaggo, kin sauke mini nauyi. Tunda malam ya ce sun tsarkaka, ranar Lahadi na ɗauki taksi na kwaso kayan daga Treichville. Kada ki damu da zancen roba. A farmasi nake aiki, na san yadda ake kashe ƙwayar cuta. Sau uku na wanke bokitan da javel, wato ruwan bilic, da ruwan zafi, na shanya su a baranda kwana biyu.

Zancen faɗa wa Baba, na yi niyya, Allah ya sani. Amma da na dubi fuskarsa sai na kasa furta kalmar giya a ɗakin da Inna ta cika. Kin san shi, mutumin da in ya hango maki, wato gidan shan nan na bakin titi, sai ya tsallaka ya bi ɗaya gefen. Na ce masa kayan haɗa lemo ne na zamani. Ai ba ƙarya na yi ba, yanzu aikinsu ke nan.

Ya shigo kicin ya dube su. Ya shafa tukunyar, ya buɗe bokiti ɗaya ya sunkuyar da kai ciki, ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya mayar da murfin a hankali, ya ce, "Ina tukunyar uwarki?" Na ce na ɗora ta a kan kabad. Ya juya ya fita. Tun ranar bai sake taka kicin ba, ko ruwa yake so sai ya kira ni. Na gane kewar Inna ce, ganin an ɗauke kayanta daga inda suke ya taɓa shi. Zai saba.

Kin tambayi kofinsa na magariba. Gaskiya ba wanda ke yi masa. A lokacin ina hanya, shi kuma bai taɓa nema ba.

Ga tsarina. Kwana biyu kafin azumi zan haɗa na kwana biyar, daidai yadda Inna ke yi, har da ɓawon abarba. In cika bokitai da kwalabe, in rufe gam, in jera a lungun baranda. Kullum da safe in sauke na ranar, masu kwamiti su sa a ƙanƙara. Abin da iska ba ta shiga ai ba ya lalacewa. Na faɗa wa Alhaji Sa'ad ya bar zancen lemun kanti, ya ce, "Madalla, 'yar Delu ce."

Kin ga ke nan hutuna ya tsira. Ki ce wa Sa'adiyya ta share mini ɗaki, ina nan tafe bayan salla.

'Yarki,
Kamila

*

Jega
21 ga Sha'aban

Kamila,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Yau gaisuwata gajera ce, don Lukumanu gobe zai tashi.

Takarda mai layi ashirin na aiko miki, kika ɗauki layi biyu na malam kika bar sauran. Da kina ajina da kin sha bulala. Amma laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni na yi ta kewaye-kewaye kamar mai jin kunyar suruki, alhali ya kamata in buɗe baki.

Na farko, abin da ko yarinya a Jega ta sani. Kunun zaƙi in ya kwana a zafi, juyawa yake. Lemun da ke da sukari da ɓawon abarba, kika toshe shi kwana biyar a zafin Abidjan, me kike tsammani zai zama? Bokitin nan ba don ya hana abu lalacewa aka yi shi ba. An yi shi ne don abu ya zauna a ciki har ya zama giya. Aikinsa ke nan, kuma ba ya tambayar addinin mai shi.

Na biyu, maganar da na ce ba tawa ba ce. Na so in kira ki a waya, amma wayar a hannun Sa'adiyya take, ita ke maimaita mini abin da aka ce da ƙarfi har maƙwabta su ji. Wannan ba maganar ihu ba ce.

Babanki ya sha giya, Kamila. Shekara tara, lokacin yana aiki a tashar jirgin ruwa. Kullum in an tashi, magariba ba ta samunsa a gida, tana samunsa a Treichville. Na zo Abidjan haihuwarki. Ranar sunanki malamai suka taru tun da safe, rago a ɗaure, aka nemi uban jaririya aka rasa. Aka tambayi sunan da ya zaɓa, babu wanda ya sani, don bai zaɓa ba. Delu tana ɗaki tana kuka ba sauti. Ni na leƙa na ce wa liman, Kamila. Aka ce wa mutane aiki ne ya riƙe shi. Da hantsi abokansa suka kawo shi a taksi.

Da ya farfaɗo ya ji an raɗa wa 'yarsa suna ba ya nan, ya rantse ya bari. Rantsuwa ba wuya. Wuyar tana zuwa ne da magariba, lokacin da maƙogwaronsa ya saba. Na gan shi yana zagaye ɗaki yana gumi kamar mai zazzaɓi. Delu ce ta dubi abin ta daka citta, mai yaji sosai har tana sa hawaye, ta miƙa masa ta ce ya sha ya ƙona wurin. Gobe ma haka, jibi ma haka. Asalin lemun ke nan. Masallaci daga baya ya samu.

Wata rana ta ajiye ragowa ta kwana biyu, ta miƙa masa ba ta sani ba. Ya kai baki ya ajiye, ya fita, sai washegari aka gan shi. Sau ɗaya ke nan ya koma. Daga ranar ba ta sake barin ko cokali ɗaya ya kwana ba. Shi ne asarar da ke ba ki haushi.

Kika ce kewar Inna ce ta hana shi shiga kicin. Javel ɗinki ya ruɗi hancinki, bai ruɗi nasa ba. Ya san abin da ya shaƙa, kuma ba zai iya faɗa miki ba sai ya faɗa miki ta yaya ya sani. Mutum ne mai shekara saba'in, matar da ke tsare masa magariba ta rasu, ke kuma kin kai masa warin har gida.

Mutanen da suka san wannan a Adjamé duk sun mutu ko sun koma gida. Ba wanda ya san shi sai a Ladan. Ki fitar da kayan nan ranar da takardar nan ta same ki. Ki sauko da tukunyar uwarki. Kada ki nuna masa kin sani.

Allah ya sa ta riga azumi isowa.

Salamatu

*

220 Logements, Adjamé
6 ga Ramadan

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fatan lafiya kuke, don shirun ya yi yawa. Lukumanu bai iso ba, an ce motarsu ta lalace a hanya kuma shi kansa ba shi da lafiya. Wannan Ɗan Azumi mai goro zan ba. Ban san ko fushi kike da ni ba. In fushi ne, kin yi daidai. Mu lafiyar jiki muna da ita.

Gwaggo, na yi ɓarna, kuma Baba ne ya biya.

Na haɗa lemun kamar yadda na ce. Ranar farko da ta biyu lafiya lau. Rana ta uku mutane suka yi ta yabo, wai yana da gas kamar na kanti, wani ma ya ce na fi Inna. Na ɗanɗana bayan na dawo, na ji ɗan tsami da cizo a harshe, na ce lemun tsami ne ya yi yawa. Har daɗi na ji. Baba kuwa tun ranar farko da ruwa da dabino yake buɗa baki, bai taɓa kofin ba.

Rana ta huɗu Asabar ce, ina gida. Na riga na aika kwalaben ranar. Bayan la'asar sai muka ji ƙara a baranda kamar an fasa taya. Kwalba ɗaya ce ta tarwatse, kumfa na bin bango. Ina tattara gilas sai na ga Baba a bakin ƙofa, ya dafa bango, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Sauran suna ina?"

Na ce suna masallaci.

Bai ko nemi sandarsa ba. Ya kama matakala yana sauka, ina bin sa ina cewa, "Papa, doucement, a hankali, gwiwarka." Bai waiwayo ba.

A harabar masallaci an shimfiɗa tabarmi, an jera kofuna, mutane sun fara zama. Saura kamar minti ashirin. Na tsaya a bakin ƙofar mata. Baba ya nufi Alhaji Sa'ad ya ce masa a hankali kada a zuba lemun nan, don lemun ya juya. Alhaji Sa'ad ya buɗe kwalba ɗaya, ta yi tsaki, ya shinshina ya ce shi citta kawai yake ji. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya ce citta. Wani matashi ya ce, "C'est le gaz seulement, Ladan, y a rien," wai gas ne kawai, ba komai. Kin ga abin, Gwaggo, kowa na azumi. Mutum tamanin, babu mai iya kai ta baki ya tabbatar. In kuma an jira a sha ruwa, to an riga an sha.

Baba ya sake cewa a zubar. Alhaji Sa'ad ya fara jin haushi, ga jama'a na kallo, ga ba wani abin sha. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Ladan. Kai da ko inuwar maki ba ka bi, ina ka san warin giya?"

Na ga Baba ya dubi kofunan. Ya dubi inda nake, ban sani ba ko ya gan ni. Sannan ya ɗaga murya, muryar nan da ake ji har Liberté, ya ce, "Na san shi. Shekara tara na sha ta a Treichville. Wannan da ke hannunka ta fara zama ita. Kada wanda ya buɗa baki da ita."

Ya faɗa da Hausa. Da ya ga wasu ba su ji ba, ya maimaita da Julanci, yaren kasuwar nan, ya sake maimaitawa da Faransanci. Sau uku, Gwaggo, yana tsaye a kan gwiwar nan.

Alhaji Sa'ad ya mayar da marfin ya ajiye kwalbar nesa da tabarma. Lokaci ya yi, ba wanda ya motsa. Baba ya ce in akwai mai son ya kira salla, ya kira. Sai tsoho Nomau, mai gyaran agogo, ya ce daga inda yake zaune, "Ladan, rana ta faɗi, mutane na jin ƙishi." Baba ya shiga ya kira. Da ruwan famfo aka buɗa baki.

Ni na kwashe kwalaben na juye su a kwata ɗaya bayan ɗaya, mata na kallona. Ban ji kunyarsu ba, tawa ta ishe ni.

Da muka hau gida na durƙusa na ce ya yafe mini, na faɗa masa ko kayan na mene ne. Ya ce ya sani tun ranar da ya buɗe bokitin. Na ce me ya sa bai hana ni ba. Ya ce, "Na zaɓi in yi shiru ki ci gaba da ganina yadda kike ganina. Laifina ya fi naki."

Jiya mutum biyar da suka saba sahun gaba sun tafi wani masallaci. Maƙwabcinmu na hawa na biyu ya amsa gaisuwar Baba da ka kawai. Kwamiti zai zauna a kan lemun, kuma na ji har da ladancin. Kwana biyu ke nan lemun kanti ake sha a tabarmar Inna.

Gwaggo, kin san da wannan? Shi ne abin da kika ce ba naki ba ne? Zuciyata ta yi nauyi, ban san da wa zan yi magana ba.

Kamila

*

220 Logements, Adjamé
15 ga Ramadan

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan azumi na zuwa muku da sauƙi. Lukumanu ya iso shekaranjiya, ya rame, zazzaɓi ne ya kwantar da shi mako biyu a hanya. Ya miƙo mini takardarki ta 21 ga Sha'aban yana ba da haƙuri. Ba laifinsa ba ne.

A tsaye na karanta ta a matakala, sai da na zauna. Shekara talatin da uku ina amsa sunan nan ban san daga bakin wa ya fito ba.

Kayan Bature sun bar gidan. Tukunyar da kwalaben na ba wata mai sayar da man ja a kasuwa. Bokitan kuwa na huda gindinsu da wuƙa kafin in jefar, kada wani ya tsinta. Na sauko da tukunyar Inna. Na karɓi hutuna, patron bai so ba amma ya sa hannu. Don haka ki ce wa Sa'adiyya ta bar sharar ɗaki, bana ba zan zo ba. Na san kin ce Jega tana nan. Ni dai kunnen nan nake tsoro, kada in zo ya zama ko na dama ya daina leƙowa.

Kwamiti ya zauna. Sun ba wani matashi, Usama, kiran asuba da azahar da la'asar da isha'i. Sun ce saboda gwiwar Baba ne. Gwiwar da ta shekara biyar tana ciwo ba wanda ya lura. Sun bar wa Baba magariba, an ce Nomau ne ya ce in aka karɓe ta shi ma ya bar masallacin. Baba bai yi gardama ba. Da asuba ina jin sa yana tashi a lokacin da ya saba, ya zauna a bakin gado har Usama ya gama.

Lemun sun mayar mini, da sharaɗin na rana ɗaya kawai. Yanzu da azahar Baba yake zama a kujerar Inna yana kankare citta da cokali, ni ina daka. Hannuna duk ya yi kanta. Ba kowa ke sha ba, wasu suna zuwa da ruwansu, don haka ragowa tana yawa.

Ragowar shi yake zubarwa. Ranar farko na ɗauki tukunyar bayan salla, ya ce in ba shi. Ya kai ta bakin kwata da kansa, ya juye, ya tsaya har ta tsiyaye. Kafin nan nakan cika masa kofi ɗaya, mai yajin da ke sa hawaye. Yana shanyewa.

Kin ce kada in nuna masa na sani, amma lokacin wannan ya wuce. Na ba shi takardarki. Ya karanta a baranda, ya daɗe, sannan ya nemi biro. Abin da ke ƙasa rubutunsa ne, ban gyara komai ba.

'Yarki,
Kamila

Salamatu,

Ina gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, ina ɗaura ƙyallen.

Na karanta. Duk abin da kika faɗa haka ne, ba ki ƙara ba. Abu ɗaya ban sani ba sai yau. Na ɗauka Delu tana zubar da ragowar ne don tsabta irin tata. Shekara talatin da uku, ba ta taɓa ce mini don ni ne ba.

Kada ki yi wa yarinyar faɗa kuma, ya isa.

Sunan da kika ba ta, ban taɓa yi miki godiya ba, don yin godiyar sai na tuna inda nake a ranar. Suna ne mai kyau. Na gode.

Yayanki,
Abdulbaƙi